Kuloli Tara da Motar da Na Ƙi Kashewa

"Ko sau ɗaya," in ji Kubra. Ta ɗago min yatsa, hannun nata duk ƙaiƙayin shinkafa. "Daga ƙofar gidan nan har Dawakin Kudu. In motar nan ta mutu da ni a hanya ko sau ɗaya, maganarmu ta mutu tare da ita."

"In kuma ta kai ki lafiya?"

"Sai ka turo mutanenka wajen Yaya Sammani."

Na ture hulata baya. Shekara arba'in ina tsaye tsakanin mai kaya da mai saye a kasuwar tumatir, ban taɓa amsa tayin farko ba. "Hajiya, a bar min mutuwa ɗaya mana, ta gyara. Ko mai goro yana gyara."

"Malam Baballe, ba kwando kake tayawa ba."

"To rabin mutuwa. Ta yi tari ta farfaɗo."

Ta kusa dariya, ta kama kanta, ta juya ta iza wutar da ke ƙarƙashin durom ɗin da take turara shinkafa. Tururi ya rufe mata fuska. Atamfa ce a jikinta ruwan ganye wadda rana ta cinye kafaɗunta, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ƙafarta cikin takalmin roba na maza. Ni kuwa na sha shuɗiyar shaddata mai aikin hannu, wadda ba ta fita sai Juma'a da ranar zuwa Bunkure.

"Saura sati biyar bikin Nafisat, 'yar Yaya Sammani," ta ce daga cikin tururin. "Ni zan dafa shinkafar 'yan ɗaurin aure. Kula tara. Kai za ka kai ni da su. Ka saya ko ba ka saya ba?"

"Na saya."

"Allah ya sa albarka."

Haka aka ƙulla. Ban tambaye ta dalilin wannan sharaɗi ba. Ku riƙe wannan, ku da kuke bin labarin nan, don a nan na fara faɗuwa. Sana'ata ce ta koya min in ji farashi kawai, ban damu da abin da ya sa mutum ya fito da kayansa ba.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni: sunana Baballe, mutumin Kura, shekarata sittin da biyu. Matata Tambaya ta rasu shekara huɗu ke nan. Gidan ɗaki uku ne, ni kaɗai a ciki, da farantanta jere a kabad ɗin da ban ƙara buɗewa ba, da buta biyu a bakin rijiya duk da ɗaya nake ɗauka. Kubra kuma mijinta ya rasu, tana sana'ar turara shinkafa a bakin babban kanal, gefen Bunkure. Shinkafar ce ta haɗa mu. Na kai mata wani mai saye, ta kama shi yana danna mudu da tafin hannu, ta kore mu ni da shi. Kashegari na koma ni kaɗai.

'Yata Aziza tana aure a Kumbotso. Kullum ina idar da sallar asuba wayata za ta yi ƙara, saƙon murya, don ta san idona ba ya son ƙananan rubutu.

"Baba ina kwana. An gama fentin ɗakin fa, har labule na saka. Jiya an ce an gan ka wajen mai shayi kana cin biredi da ƙwai a tsaye kamar ɗan tasha. Baba wallahi kunya nake ji. Ka tuna alkawari."

Alkawarin shi ne, in tumatir ɗin bana ya ƙare ban ajiye mace a gidan ba, zan sa kwaɗo in koma ɗakin da ta yi wa fenti. Ranar da na faɗa, don ta daina kuka na faɗa. Amma 'yar dillali ce, ta riƙe. Kun kuwa san abin da ɗakin nan yake nufi. Tabarma a ƙofar gidan suruki, rediyo a gefe, jiran a miƙo kwano. Ni da na san kowace gona daga Kura har Kadawa da sunan mai ita da ranar da ruwa yake zagayowa kanta.

To ga motar. 'Yar Kwatano ce, fara, mai dogon baya, mai shan gas, wato dizal. Na same ta da sauƙi, don tun da gas ya yi tsada kowa gudun irinta yake. Na ɗauka na yi wayo. Ba ta da ƙara, kujerunta kamar ba a taɓa zama ba. Abu ɗaya ne da ita: in ka taka birki ka tsaya cak, sai injin ya ɗauke ɗif. Ka ɗaga ƙafa, ya tashi da kansa. A shingen 'yan sanda, ɗif. Shanu suna tsallaka titi, ɗif. Ni har na saba. Amma sau biyu na rage wa Kubra hanya zuwa injin casa a Kura, kuma duk lokacin da motar ta ɗauke sai in ga ta damƙe hannun ƙofa, leɓenta yana motsi. Na ce a raina tsoro ne irin na mata.

Kashegarin cinikinmu na kai ta wajen Lukmanu bakanike, ƙarƙashin dalbejiyar bayan tasha. Yana gyara injin ban-ruwa, babur, janareto, da duk abin da aka turo masa. Ba mugu ba ne. Saninsa ne ya tsaya inda ya tsaya.

"Baba, yaushe take mutuwar?"

"Na lura da ita," na ce, ina jin kaina. "Da safe da sanyi ba ta yi. Sai na yi 'yar tafiya, allurar nan ta hau tsakiya, sannan take fara iskancin."

Ya tafa hannu. "Ai kai ma ka gama aikin! Zafi ne yake kashe ta. Samu benci."

Ya shige cikin injin har ƙugu, ruwa ya tsiyaye a ƙasa, can ya fito da wani ɗan ƙarfe zagayayye mai sifirin a jiki, bai cika tafin hannu ba.

"Ka ga munafukin. Tamostat. Shi yake tare ruwan lagireto, ya ƙi buɗewa sai injin ya yi zafi. Na ƙasar masu ƙanƙara ne, Baba. Mu nan da Allah ya ba mu zafi kyauta, me za mu yi da shi? Duk 'yar Kwatanon da ta shigo garejin nan sai na cire mata. Fanka kuma in haɗa ta kai tsaye, kana murɗa makulli ta kama."

"Ba za ta yi fushi ba?"

"Godiya za ta yi maka."

Ya jefa ƙarfen cikin wani gwangwanin madara da ke cike da 'yan uwansa. Ganin yawansu ne ya kwantar min da hankali. Na ce duk waɗannan mutane ba za su taru a kan kuskure ba.

Kuma wallahi ta daina mutuwa. Da gangan na je shingen 'yan sanda na tsaya har suka gaji da ni, injin yana ta gurnani. Na kira Kubra na kara wayar a jikin sitiyari.

"Kin ji? A tsaye nake."

"Na ji. Saura sati biyar dai."

Sai dai allurar zafin ta kwanta a ƙasa ta ƙi tashi. Tsakiyar sanyi ne, ruwa kwance a kowace gona, sanyin yana tasowa daga ƙasa ya shige ƙashi. Ina dawowa daga masallaci zan tayar da ita, in zauna a ciki da rigar sanyi da rawani, rabin awa, allura ko motsi. Gilashi ya yi gumi, iskar ɗumi ta ƙi zuwa, da hulata nake gogewa. Gas kuma ta riƙa sha kamar an huda tankin. Tafiyata kuwa duk gajeru ce, daga wannan gona zuwa waccan a kan hanyar kanal, in tsaya in leƙa kwanduna in wuce. A sati na huɗu ta fara nauyi. Ranar Larabar satin bikin wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabana ta ƙi mutuwa.

Na kira Lukmanu.

"Fitilun Turawa ne, Baba, ƙorafi gare su. Tana tafiya?"

"Tana tafiya."

"To me kake so kuma?"

Na yanki baƙin salatif na liƙe fitilar. Ba zan yi muku ƙarya ba, na san abin da nake yi. Shi ne abin da manomi yake yi in ya jera manyan tumatir a bakin kwando, kuma ni ne mai zura hannu ƙasa in tona masa asiri a gaban jama'a.

Ranar Asabar ƙarfe tara ina ƙofar gidanta. An kwantar da kujerun baya, matan maƙwabta suka jera kuloli, ƙamshin shinkafa da man gyaɗa ya cika motar. 'Yan rakiya sun riga sun tafi a bas tun da sassafe. Kubra ta fito cikin leshi ruwan zuma, mayafi mai duwatsu a gefe, lalle ya kama hannunta har wuyan hannu, ga turaren wuta ya kama kayan. Ban taɓa ganinta ba ƙaiƙayi a jiki ba. Na buɗe mata ƙofa kamar direban gwamnati.

"Ƙarfe sha ɗaya za a ɗaura," ta ce. "Sha biyu a zuba abinci."

"Goma da rabi kina gaisawa da amarya."

Mun bar Bunkure da kaɗan na taka totur zan wuce wata motar tumatir. Ba komai. Na ƙara takawa har ƙasa. Motar ta sunkuyar da kai ta koma tafiyar mai keke. Babura suka riƙa wuce mu. Adaidaita sahu ta wuce mu. Wani dattijo da damin ciyawa a bayan kekensa ya jera da mu har muka gaisa.

"Malam Baballe, lafiya?"

"Saboda miya nake lallaɓawa, kar ta zube."

"Miyar a rufe take."

"Hanyar ce ba kyau."

Ta dubi kwaltar, ta dube ni. Wayarta ta yi ƙara. "Muna hanya, Yaya." Bayan rabin awa ta sake ƙara. "Muna hanya, Yaya."

Sha ɗaya da rabi muka rarrafo Karfi. Muna jiran mu hau babban titi sai wani mai babur ya tsaya a tagata ya ɗage hular kwano. Abraham ne, mutumin Filato, wanda yake kula da manyan injinan casar shinkafa a Kura shekara ashirin. In injin gas ya gagari kowa, shi ake kira.

"Baba Dillali! Tun daga baya nake jin warin motarka. Sannu Hajiya. Wa ya taɓa ta?"

"Ba wanda ya taɓa ta. 'Yar gyara ce aka yi."

Ya leƙo ya ga allura a kwance. Ya ce in buɗe gaba. Fanka tana ta ihu. Ya taɓa wata roba da bayan hannu, ya dawo yana girgiza kai.

"An cire mata tamostat ko?"

"Mutuwa take in ta yi zafi."

"Mutuwa kamar yaya? In ka tsaya ta ɗauke, in ka ɗaga ƙafa ta tashi?"

"Haka."

Abraham ya dafa ƙofar ya yi dariyar da ba ta da daɗi. "Baba, ai ba ciwo ba ne. Haka aka ƙera ta. Tana kashe kanta ne don kar ta sha maka gas a banza, kuma ba ta yi sai injin ya ɗumama yadda take so. Alamar lafiya ce. Yanzu kun hana ta ɗumi. A cikin salansarta akwai wata rariya mai tare baƙin hayaƙi, sai injin ya yi zafi sosai dattin yake ƙonewa. Sati nawa tana yawo da sanyi?"

"Biyar."

"To ta toshe. Numfashi take nema." Ya zura hannu ya nuna wani ɗan maɓalli kusa da giya, wanda ban taɓa kula da shi ba. "In ba ka son ɗaukewar, wannan za ka danna. Yatsa ɗaya, Baba. Shi ke nan."

Jama'a, na sha kunya a kasuwa. An taɓa zazzage min kwando a ƙafa. Amma ban taɓa jin abin da na ji da na dubi maɓallin nan ba, ga Kubra a gefena ita ma tana dubansa.

"Yanzu ya za a yi?" ita ce ta tambaya. "Abincin biki ne a baya."

"Da sauƙi, Hajiya. Ya kashe ta, ya ƙirga hamsin, ya tayar. Sau da yawa takan ɗan ware ta kai ku inda za ku. Ba gyara ba ne, lallashi ne. Baba, kashe."

Na dubi makullin. Wai in kashe ta. Kun ji inda maganar take. In na kashe, mota ta mutu da Kubra a hanya, cinikina ya rushe, sai ɗakin fenti da labule. In na bar ta tana rarrafe, ko da la'asar muka isa, ba ta mutu ba. Ba a sa lokaci a cinikin ba. Wannan lissafin na yi shi kafin Abraham ya rufe baki, don irinsa nake yi tun ina saurayi.

"Ba ta buƙata," na ce. "Yanzu za ta ware."

"Baba, kashewa kawai fa na ce."

"Na gode, Abraham. A gaida mutan gida."

Na ja muka hau babban titi, manyan motoci suna danna mana ham suna kaucewa. A madubi na hango shi tsaye da hular kwano a hannu.

Kubra ta matso. Ta miƙo hannu ta gaban sitiyari, ta sa farcenta mai lalle ta ɓamɓare salatif ɗin a hankali. Fitilar ta bayyana. Ta manna salatif ɗin a hannun shaddata, ta gyara mayafinta, ta mai da ido kan titi.

Muka ci gaba. Masu rake a bakin hanya suna bin mu da kallo. Na ji ana kiran azahar a wani ƙauye. Ƙamshin shinkafar nan da ya faranta min rai da safe ya koma yana hawa min kai. Muna gangarowa gadar Tamburawa saƙon Sammani ya shigo wayarta, ta kunna shi da ƙarfi don in ji.

"Kubra, an ɗaura tun ɗazu. Mutanen ango sun zauna har sun gaji. Goro da ruwan leda aka ba su, ga su can suna shiga motoci. Ki ce wa dillalin naki an gode."

Ta kife wayar a cinya.

"Malam Baballe, ka san yadda Malam Suhaibu ya rasu?"

Mijinta ke nan. "An ce min gajeriyar jinya ce."

"Maciji ne, a gonar shinkafa, da rana tsaka ana yanka. Muka ɗauki shatar mota za mu asibiti. Ta mutu mana a hanya. Direban ya ce yanzu za ta tashi. Mota uku ta tsaya, suna cewa a sauya a sa shi a tasu, yana ɗaga musu hannu su wuce, don kar shatar ta kufce masa. Kan Malam yana cinyata. Duk lokacin da na ce a tsai da wata, sai direban ya ce, Hajiya yanzu za ta tashi. Ni kuma na yarda." Ta shafa lallen hannunta. "Shekara shida ina cewa mota ce ta kashe min miji. Shi ya sa na sa maka wancan sharaɗin. Sai yau da ka ce wa bawan Allahn nan yanzu za ta ware. Wallahi muryar direban na ji."

"Hajiya..."

"Da na so, tun a Karfi zan sauke kulolina in tari adaidaita. Zama na yi in ga iyakarka. Ci gaba. Ba ta mutu ba ai. Ni kuma ba na sauya magana in na faɗa."

Wannan gaskiya ne, na san ta. Da na ci gaba da rarrafe har ƙofar Sammani, da ta ce in turo, da an ɗaura, da ta tare a gidana ta share tsakar gida ta ɗora tukunya. Abin da ya rage min bai fi tafiyar awa ɗaya ba. Na taɓa riƙe mai saye yini guda a rana a kan abin da bai kai wannan ba.

Na tsallake gadar, na sauka gefen titi, na murɗa makullin.

Ɗif.

Shirun ya yi yawa. Na ji ruwan kogi a ƙasa, na ji masu ɗibar yashi suna kiran juna, na ji wata kula tana ɗan huci ta gefen murfi. Na dubi hannun Kubra. Yana kan cinyarta, bai je ƙofa ba.

"Ta mutu," na ce.

"Na gani."

Ita ta ƙirga hamsin ɗin, a fili, kamar tana awon mudu. Na tayar. Motar ta yi tari, na taka totur, ta ɗaga kai ta zabura kamar ba ita ba. Kafin mu yi wata magana mun sha Kwanar Dawaki. Da na yi haka a Karfi, da mutanen ango sun ci abinci.

Mun tarar ana kwance rumfa, ana ɗora kujerun roba kan juna. Sammani yana tsaye cikin farar babbar riga, ya miƙo min kan yatsunsa.

"Sannu da ƙoƙari, Malam."

Mata suka fito suka kwashi kuloli ba mai duban fuskata. Kubra ta bi su ciki, ba ta waiwayo ba. Na juyo Kura ni kaɗai, sau biyu ina kashewa ina ƙirga hamsin.

Sai da na tsaya a ƙofar gida gab da magariba na ga kula ɗaya a lungun bayan kujerata, an rufa mata buhu. Takwas aka sauke. Na buɗe, shinkafar da sauran ɗuminta. Na raba wa maƙwabta, na rage kaɗan. Na tsaya a gaban kabad ɗin Tambaya na daɗe, sannan na buɗe na ɗauki faranti ɗaya.

Ranar Litinin na biya ta wajen Lukmanu in karɓi ƙarfena. Ya zazzage gwangwanin a ƙasa, ya kasa gane wanne ne nawa. Na ba shi labari, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce:

"To ai Baba aikina bai ci amanarka ba. Ba ita ta mutu ba, kai ka kashe ta."

Na tsaya ina kallonsa. Ƙofa ce ya buɗe min ba tare da ya sani ba. Mutuwa aka ce a cinikin, ba kashewa ba. Da a kasuwa ne, da wannan kaɗai na kai magana gaban sarkin dillalai na ci. Na juya ta a raina har na isa gida, na ajiye ta. Na gaji, jama'a. Na gaji da cin irin wannan.

Abraham ya ce a bar masa motar kwana uku, za a samo sabon ƙarfen a Ƙofar Ruwa, rariyar kuma zai gwada wankewa, bai yi alkawari ba. Aziza ta turo saƙonta tun Lahadi: "Baba na ji abin da ya faru. Allah ya sa haka ne ya fi alheri. Katifar ta iso, mai tauri na saya saboda bayanka."

Na Kubra sai Laraba ya shigo, ina tsaye a gonar wani ana ɗaure kwanduna. Gajere ne. Na koma gefen kanal na kara a kunne.

"Malam Baballe, kulata ɗaya tana wajenka. Kar ka aiko da ita. In an mayar wa motar da ƙarfenta, ka kawo da kanka. Kuma kar ka danna maɓallin nan. Ina so in ji ta yi shiru ta tashi."

Ba ta ce in turo ba. Ba ta ce kar in turo ba.

To ga yadda kasuwar ta tashi. Lukmanu ya ci riba, gwangwaninsa ya ƙaru, kuma har yau yana cire wa mutane. Matan unguwar su Sammani sun ci riba, kwana biyu suna ɗumamen shinkafar da ba su yi zato ba. Sammani ya yi asara a gaban surukansa, kuma in da rabon a tura mutane, wajensa za a tura. Aziza tana ganin ta ci, don kwandunan sun fara raguwa a kasuwa, zafi ya fara leƙowa. Kubra ta yi asarar sunan da ta yi shekaru tana ginawa, na macen da abincinta ba ya makara, kuma a kaina ta yi ta. Ni na faɗi cinikin, shi ne na farko da na kayar da hannuna, kuma na kayar da shi a makare, inda bai ceci ko faranti ɗaya ba.

Kular kuwa na wanke ta da kaina, sau biyu, da soso da omo. Tana kan kujerar gaba a wajen Abraham, na ɗaura mata bel.